Amshin Jabiru Tela

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki layin teloli a Ƙanƙara ya san Jabiru, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne siririn nan mai tef a wuya da alli a bayan kunne, wanda ke taka keke yana motsa baki shi kaɗai. Ka gaya masa tsawon wandonka sau uku, ya ce ya ji, ka dawo ka tarar wandon sai dai ƙanenka. Ba wai bai iya ɗinki ba ne, ya iya. Hankalinsa ne ba ya zama kan allura, kullum yana can gida, cikin wani ɗan ɗaki da shi kaɗai ke kiransa sutudiyo.

A Tudun Maje aka haife shi, wani ƙauye a ƙasar Sabuwa da ko ɗan acaɓa sai an yi masa kwatance. Mahaifinsa, Baba Gide, shi ne makaɗin noman garin. Yana kiɗan gayya kamar kowane makaɗi, yana zuga samari su ƙure juna a bakin garma, amma abin da ya sa ake ji da shi wata waƙa ce guda, waƙar iyaka. Kowace shekara, da an yi ruwan shuka, sai ya rataya ganga ya hau tudun da ke gabas da gari, ya fara daga gonar liman. Ya faɗi mai gona, ya faɗi wanda ya gada a wurinsa, ya faɗi inda ta fara da inda ta tsaya: daga kuka mai kogo zuwa suri, daga suri zuwa layin gamba, daga nan ta gangara burtali. Da ya rufe gona ɗaya sai 'yan amshi su ce, "Haka ne, ƙasa ta shaida." Sannan ya wuce ta gaba. Gonaki tamanin da 'yan kai, haka zai bi su har ya ɓulla yamma, bakin rafi. Babu takardar gona a Tudun Maje, ba a kuma taɓa neman ta ba. In mutum biyu suka yi sa-in-sa kan iyaka, mai gari cewa yake a kira Gide.

Jabiru yana shekara tara aka tsayar da shi cikin 'yan amshi. Ƙa'idar ita ce ɗan amshi a hagun makaɗi yake tsayawa, idonsa a kan bakin makaɗin, ba ya waiwaye ko da maciji ne ya bi ta kan ƙafarsa, domin wanda ya kau da kai bai shaida komai ba. An so ya gaji gangar. Shi kuwa da ya fara tasawa sai ya ji 'yan mata na kiransa ɗan maroƙi, abin ya tsaya masa a rai. Yana shekara goma sha bakwai ya tattara ya yi Ƙanƙara koyon ɗinki. A can ya ji kiɗan fiyano, ya ce ai ga waƙa nan, me ake da ganga. Da amshi kawai ya baro gida. Baitukan kuwa ya ce ya koya wata rana.

Yau shekara shida ke nan da 'yan bindiga suka tashi Tudun Maje. Wasu suka yi Faskari, wasu Funtuwa, wasu suka raɓe wurin dangi a Sabuwa. Baba Gide ya iso gidan Jabiru a bayan babur, gangarsa cikin buhun taki. Ya rataye ta a zaure, bai sake taɓa ta ba. Duk wanda ya roƙe shi ya ɗan tuna musu gida, amsarsa ɗaya ce: "Ni ba ni kaɗa ta in babu gona gabana." Su kuwa gonakin, daji ya cinye su. Gamba ta haɗe da gamba, an ce masu gawayi sun sare itatuwa da dama, dattawan da suka san iyaka da ka suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya san duk ranar da Allah ya kawo komawa akwai rigima tana jira, kuma maganinta yana cikin maƙogwaron tsoho ɗaya.

Sutudiyon Jabiru a da ɗakin ajiye hatsi ne. Ya manna kiret ɗin ƙwai a bango, ya toshe taga da guntun katifa. A kan teburin yanka akwai tsohuwar laftof, da makirufo da ya ɗaure a jikin sandar fanka, da hedifon mai jin kunne ɗaya da rabi. A tsakiyarsu kuma ga uban tafiyar, wato saunkad, ɗan akwatin da ke karɓar murya daga makirufo ya miƙa wa kwamfuta. Girmansa bai wuce sabulun wanki biyu ba. Na hannu ne, mai araha, sunan kamfanin ma ya goge. A wurin Maharazu mai gyaran waya a Faskari ya samo shi, kuma ranar da ya kawo shi gida matarsa Suwaibatu ta ce ko ranar sunan 'yarsu Bilki ba ta ga haƙoransa haka ba.

Abin haushi, wannan ɗan akwati ya fi jariri rigima. In an sa wa laftof caja, sai ya ɗauki wani gurnani, zuuu, ya shimfiɗa shi ƙarƙashin murya daga farko har ƙarshe. In injin niƙan maƙwabta ya tashi, ya ji. In waya ta kusance shi, ko ba a kira ta ba, sai ya riƙa tit-tit-tit. Ramin makirufo biyu gare shi, ɗaya ya mutu tun kafin ya zo. In ya yi zafi sai ya fara tsinka magana, shi ya sa Jabiru ke ɗora shi kan jiƙaƙƙen ƙyalle. Babbar cutarsa kuwa bakin wayar da ke haɗa shi da kwamfuta ne: ya saki, ko tari ka yi kusa da shi sai fitilarsa ta mutu. Jabiru ya gano maganin da kansa, yana tura allin ɗinki a ƙarƙashin wayar ya tokare ta. Da wannan lallaɓa ya yi waƙoƙin amare sun fi talatin, da tallan wani mai sayar da taki. Kowace waƙa bai taɓa ɗaukar fiye da minti biyu a jere ba, guntu-guntu yake yi ya harhaɗa, kamar yadda yake haɗa wuyan riga.

Bara da kaka muryar Baba Gide ta fara dushewa. Aka ce sanyi ne, aka sha citta da kanumfari. Da abin ya ƙi, aka je asibiti a Zariya. Likita ya ce ƙari ne a maƙogwaro, za a yi aiki, rai zai tsira in Allah ya yarda, amma muryar ba za ta dawo ba. Aka sa ranar Alhamis. Da suka dawo gida ran Lahadi, tsohon ya tsaya a zaure ya daɗe yana kallon buhun takin nan. Can ya ce, "Jabiru, sauko min da ita. Akwatin nan naka shina riƙe magana, ko?"

"Shina riƙewa, Baba."

"To ya riƙe wagga."

Kwana uku ke nan gare su. Ran Litinin da hantsi Jabiru ya zaunar da mahaifinsa gaban makirufo, ya ɗora masa hedifon. Tsohon ya buɗe baki ya ja baitin farko, sai ya tsaya cak, ya waiga.

"Wa ke kwaikwayona?"

"Kai ne, Baba. Muryarka ce ke dawowa, akwatin ne ke ɗan jinkiri."

"Ni ban gama hwaɗi ba, wani na bina a baya? Cire min abin ga."

Aka cire. Ya buga ganga sau ɗaya, fitilar akwatin ta yi ja wur, abin da ya shiga kwamfuta sai ka ce ana yaga buhu. Gangar noma ba a yi ta don ɗaki ba, an yi ta don a ji ta daga wancan ƙauye. Jabiru ya rage ƙarfin makirufo, ganga ta daidaita, murya ta ɓace. Ya ƙara, murya ta fito, ganga ta fashe. Ya ce to a yi yadda ake yi a sutudiyo, a ɗauki kiɗa daban, sannan a ɗora waƙa a kai. Baba Gide ya dube shi yadda ake duban wanda ya ce a ci tuwo yau a sha miya gobe.

"Hannu daban, baki daban? To ai ba ni ba ne ke nan."

Suna cikin haka injin niƙa ya tashi. Ranar ta tafi a banza, muryar kuma ta ƙara dushewa.

Ran Talata Jabiru ya naɗe akwatin cikin rawani ya hau mota zuwa Faskari, yana rungume da shi a duk ramin da suka faɗa. Maharazu ya kwance shi, ya hura, ya goge, ya ɗan ɗiga dalma a wuri biyu. Ya ce bakin wayar ne ya buɗe, sabo sai an aiko daga Kano, mako guda in an yi sauri. Jabiru ya tambayi ko akwai wanda zai ara masa wani. Akwai mutum ɗaya a Funtuwa, aka kira shi, yana Kaduna wurin biki da kayansa duka. Maharazu ya mayar da kusoshi ya ce, "Ka dai ci gaba da tokare shi da allinka. Ai bai taɓa ba ka kunya ba."

Kafin ya hau mota ya biya gidan yayarsa Hamida. Ta ba shi zuma a kwalba, a ba Baba. Ta ce duk 'yan Tudun Maje da ke Faskari sun ji labari, har tsofaffi sun aiko jikoki da katin memori na waya a zuba musu waƙar. "Kai ka gudu ka bar ganga," in ji ta, "ga shi Allah ya sa ta hannunka za ta tsira. Kada ka yi wasa, Jabiru." Ya ce ba zai yi ba. A hanya ya ƙara ƙanƙame akwatin, don shi ya san abin da ya rungumo.

Ran Laraba, da aka sauko daga sallar asuba, ya shiga shiri. Laftof ta cika da caji, ya zare caja. In an yi sa'a baturinta na kai minti hamsin, waƙar kuwa arba'in ce, kuma mai niƙa ba ya tada inji sai tara. Ya jiƙa ƙyalle. Ya matsar da ganga can kusurwa, ya ɗaga makirufo daidai baki, ya lulluɓe gefensa da bargo. Ya zaɓi sabon alli ya tokare waya. Sannan ya bi gidan ya karɓe wayoyi, ya kashe, ya zuba su a kwano a tsakar gida.

Suwaibatu ta tsaya bakin ƙofa. "Baban Bilki, ka bar tawa a kunne mana, a ajiye gefe ita ma ta ɗauka. Ko ba ta yi kyau ba, ai a samu."

"Ke ba ki san halinshi ba? Da ya ji waya zai hwara kuka. Sau ɗaya za a yi abin nan, ba ni son tit-tit cikin muryar Baba."

Gaskiya ya faɗa. Har yau in ya tuna, ba ya samun inda zai ce ya yi wauta, kuma wannan ne ke hana shi sakat.

Aka gwada, abin ya fita tas, har Jabiru ya yi hamdala a fili. Baba Gide ya sha zuma da ruwan ɗumi, ya miƙe tsaye, ya rataya ganga, ya fuskanci gabas. Ya ja gonar liman daga kuka mai kogo har burtali, ya rufe. Ba a amsa ba. Ya sauke sandar kiɗa.

"Ina amshi?"

"Zan ɗora daga baya, Baba. Yanzu ina duba kwamfuta."

"Shaida daga baya? In na hwaɗi iyaka babu wanda ya amsa, hira ce na yi. Taso."

Babu wani a gidan. Suwaibatu suruka ce, ba za ta buɗe murya gaban surukinta ba, kuma ba 'yar garin ba ce balle ta shaidi gonar da ba ta taɓa takawa ba. Fita neman ɗan Tudun Maje cikin gari kuwa, kafin a dawo baturi ya tafi, inji ya tashi. Jabiru ya sake danna ɗauka daga farko. Ya ga koren layin ɗauka na tafiya a kwamfuta, ya ga fitilar akwatin a kunne, ya taɓa allin ya ji shi daram. Ya zagaya ya tsaya a hagun mahaifinsa, kwamfuta na bayansa, ya ɗora ido a kan bakin tsohon.

Wannan safiya Baba Gide ya yi waƙa. Muryar ta fara a shaƙe, a gona ta biyar ta buɗe, daga nan kuma sai ka rantse babu abin da ke damunsa. Ganga na girgiza ɗakin, kiret ɗin ƙwai na rawa a bango. Sau biyu wuyan Jabiru ya fara karkata zuwa tebur, sau biyu tsohon ya harare shi ta wutsiyar ido, irin hararar da ya sani tun yana ɗan tara. Sai ya bari. Daga baya ma ya manta da akwai tebur. A zuci ya ga marken da suke hutawa a gindinsa, ya ga kwazazzabon da jakinsu ya taɓa faɗawa, ya ji sunayen mutanen da shi da kansa ya je jana'izarsu. Da aka zo kan gonarsu, hawaye ya hana shi ganin bakin da kyau, amma amshi bai kuɓuce masa ba. Tun da ya bar gida bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

A bakin rafi waƙar ta tsaya. Tsohon ya zauna jaɓ a kan benci, tari ya sarƙe shi, ya tofa a ƙyalle, Jabiru ya ga ja a ciki. Da ƙyar ya iya raɗa.

"Ya kama?"

Jabiru ya juya. Allin yana ƙasa, ya rabe biyu. Rugugin ganga ya bi ta ƙasa ya hau tebur, ya zame shi a hankali. Fitilar akwatin a mace. A kan kwamfuta wani ɗan saƙo na Turanci yana zaune abinsa, yana cewa an rasa na'ura. Baturi kuwa, wanda ya kwana yana tsoro, da sauransa. Koren layin ya tsaya a minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu.

"Ya kama, Baba."

Da la'asar ya yi dabara, ya ce akwai ɗan wurin da yake son a gyara. Tsohon ya yarda, ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Abin da ya rage masa duka ya zuba shi da safe. Washegari suka tafi Zariya.

Bayan mako uku aka sallamo su. Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Baba Gide ya dawo da ɗan rami a wuya, Jabiru ya ɗinka masa fararen ƙyallaye masu igiya da ake rufe shi da su, ɗinkin da bai taɓa yin mai kyansa ba. Kullum tsohon sai ya nuna ɗakin, ya nuna kunnensa. Jabiru ya ce babu wuta. Gobe ya ce laftof babu caji. Jibi ya ce ana gyaran sauti. Saƙon Hamida ya taru a waya har ya daina buɗewa. A shago ya ɗauki takardar awo ya yi ta rubuta abin da ya tuna, ya samo sunaye talatin da wani abu, amma wace ke bin wace, wace ta tsaya a suri wace a gamba, duk sun cuɗe. Shekara takwas yana amshi, ƙarshen baiti kawai kunnensa ya saba jira. Tsohon kuwa bai iya rubutu ba, ko na allo bai yi nisa ba, ganga ta ɗauke shi tun yana yaro. Sabon bakin waya ya iso daga Kano, Maharazu ya sa, akwatin ya daina mutuwa. Jabiru ya kawo shi gida ya ajiye bai ko kunna ba.

Wata Asabar da hantsi ya dawo ɗaukar almakashi, ya tarar da mahaifinsa zaune cikin sutudiyo, a kan benci, hannuwa bisa gwiwa. An kawo wuta, fanka na juyawa a tsakar gida, babu sauran ƙaryar da zai yi. Suwaibatu ta dube shi daga madafa, ta sunkuyar da kai. Ya shiga ya kunna.

Muryar ta cika ɗakin, tas, babu gurnani, babu tit-tit. Tsohon ya lumshe ido yana gyaɗa kai, har da ɗan murmushi. Gonar liman, ta biyu, ta uku. A gona ta tara, ana tsakiyar sunan mai ita, sauti ya yanke kamar an sa almakashi.

Baba Gide ya jira. Ya buɗe ido ya dubi akwatin, ya dubi ɗansa. Jabiru ya durƙusa.

"Alli ne ya zame, Baba. Iyakar abin da ya kama ke nan. Na kasa gaya maka."

Da tsohon ya yi fushi da ya fi masa sauƙi. Bai yi ba. Ƙyallen wuyansa kawai ke shiga yana fita. Can ya miƙe, ya fuskanci gabas, ya nuna masa gefen hagu da yatsa. Jabiru ya tashi ya tsaya a wurin. Tsohon ya fara buga cinyarsa da tafin hannu, ya ɗauko daga daidai inda akwatin ya yar. Leɓɓansa na motsi, babu abin da ke fita sai iska. Jabiru ya zuba ido iya ƙarfinsa ko zai karanto suna ɗaya, bai iya ba. Leɓɓan suka tsaya, tsohon ya waiwayo yana jira.

"Haka ne," in ji Jabiru, "ƙasa ta shaida."

Suka wuce ta gaba. Sau saba'in da wani abu ya amsa a wannan hantsi, har suka kai bakin rafi, bai san gonar wa ya shaida ba.